Kama da wane ba ta wane: buɗaɗɗiyar wasiƙa ga sababbin masu haƙƙin Lonesome Dove

Zuwa ga shugabannin kamfanin Teton Ridge, da iyalan marigayi Larry McMurtry,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku da ma'aikatanku baki ɗaya.

Bayan haka, na rubuto muku ne a madadin wata 'yar majalisa da ke zama a ƙofar gidanmu a Kano bayan sallar isha'i. A cikinmu akwai tela, akwai direban babbar mota, akwai malamin makaranta da ya yi ritaya, akwai dillalin shanu. Yawancinmu mun taso ne a zamanin da fim ɗin kaboyi yake cika gidajen silima na garin nan, muka saba da ƙurar dawaki da faɗin daji tun ba mu jin Turancin da ake yi. Mun samu labarin cewa a 2025 kamfaninku ya sayi haƙƙin mayar da littattafan Lonesome Dove zuwa fim. Mun yi murna, sannan gabanmu ya faɗi. Murnar ba ta buƙatar bayani. Faɗuwar gaban ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin mun taɓa ganin abin da ya sami labarin nan lokacin da aka ci gaba da shi da wasu fuskoki, kuma ba ma son a maimaita.

Bari in fara da abin da kuka gada, don ku san mun san nauyinsa. Littafin, wanda Larry McMurtry ya rubuta, ya fito a 1985, ya ci kyautar Pulitzer ta adabi a 1986. A watan Fabrairun 1989 tashar CBS ta nuna fim ɗinsa cikin dare huɗu, Simon Wincer ya ba da umarni, Robert Duvall ya fito a Gus McCrae, Tommy Lee Jones ya fito a Kyaftin Woodrow Call. An ƙiyasta gidaje miliyan 26 ne suka kalla a Amurka, a lokacin da masu harkar suka riga suka yanke ƙauna da fim ɗin kaboyi. Ya shiga takarar kyautar Emmy a gurbi 18, ya lashe 7. Labarin tsofaffin dakaru biyu ne da suka koro garken shanu daga kudancin Teksas, bakin iyakar Meziko, zuwa Montana, tafiyar sama da mil 2,000, suna binne abokansu ɗaya bayan ɗaya a kan hanya.

Ni na kalle shi ne tare da Baffana, yayan mahaifina, Allah ya jiƙansa. A ƙuruciyarsa fataucin shanu ya yi, irin na da, wanda ake kora su a ƙasa daga arewa har kurmi. Ba ya jin Turanci, ni nake fassara masa. Dare huɗu muka yi a tsakar gida, ana ta fama da ƙarar janareta. Da aka zo inda Call zai bar Montana ya koma da gawar Gus, ya kira yaron nan Newt, ya ba shi goɗiyarsa, ya ba shi agogon mahaifinsa, ya tsaya yana kallonsa, bakinsa ya kasa furta cewa shi ne ya haife shi, sai na juya zan yi bayani. Baffa ya ɗaga min hannu. Ya ce, "Bari, ɗana. Wannan ba ya son fassara." Na ga yana goge ido da bakin rawaninsa.

Bayan 'yan makonni na samo ci gaban, Return to Lonesome Dove, na kawo masa da ɗoki. Ba a yi minti goma ba ya ce, "Wannan kuma wane ne?" Na ce Kyaftin ne. Ya ƙara matsowa kusa da talabijin, ya duba da kyau, ya ce, "A'a. Hularsa dai ya ara." Da aka nuna Newt, da fuskarsa ta da, Baffa ya yi murmushi kamar ya ga ɗan'uwa, ya ce, "To ga yaron, ina uban?" Dare na biyu bai fito tsakar gida ba.

Kokenmu na farko ke nan, kuma shi ne mafi girma. A watan Nuwamban 1993 aka nuna wannan ci gaba, shi ma kashi huɗu, a tashar CBS ɗin dai, aka ɗauko labarin daga daidai inda aka ajiye shi: Call ya gama binne Gus, yana shirin komawa arewa. A cikin labarin ko wata guda ba a yi ba. Amma mutumin da ya durƙusa a bakin kabari ba shi ne ya miƙe ba. Jon Voight ne ya maye gurbin Tommy Lee Jones.

Ba na raina Voight, kuma babu wanda ya isa ya raina shi. Mutum ne da ya riƙe kyautar Oscar tun kafin a rubuta littafin. Duk wanda ya kalli fim ɗin da idon adalci zai ga ya sha wahala, ya bar farin gemu, ya danne muryarsa, ya koyi taƙaita magana. Sai dai Call mutum ne da kusan ba a rubuce yake ba. Gus mai baki ne, rabin halinsa yana cikin zantukan da aka rubuta masa, duk wanda ya iya magana zai iya ɗaukar wani abu daga ciki. Call kuwa shiru ne. Halinsa yana cikin yadda yake zama a kan sirdi, da yadda yake kau da kai in an yabe shi, da yadda yake janye jiki daga bakin wuta ya tafi ya zauna shi kaɗai da dare. Jones haifaffen San Saba ne a Teksas, mai kiwon shanu ne, mahayi ne na gaske, kuma yana da shekara 41 kacal ya ɗauki wannan tsufa ya sa wa jikinsa. Baffana, wanda ya yi rabin rayuwarsa a bayan garke, abin da ya fara lura da shi ke nan: ya ce wannan mutumin dokin ya san shi. Irin wannan ba ya cikin takardar da ake miƙa wa sabon jarumi. In an ce masa ya zama Call, abin da yake da shi kawai shi ne ya kalli wanda ya gabace shi ya kwaikwaya. Mai kallo kuma da zarar ya ga kwaikwayo, ya daina bin labari, ya koma awo: nan ya yi kama, nan bai yi ba. Kama da wane kuwa ba ta wane.

Ku dubi abin da wannan ya jawo wa zuciyar labarin. Fim ɗin farko ya bar mu da bashi guda. Mun ga Call a Ogallala, lokacin da wani ɗan leƙen asirin soja ya zane Newt da bulala, ya sukwano da doki ya yi wa mutumin dukan da sai da aka jefa masa igiya aka janye shi. A ranar kowa ya gane yaron nan jininsa ne. Mun ga Gus yana kan gadon mutuwa yana tsawata masa kan ya ba yaron sunansa. Mun ga ya kasa. Mu Hausawa mun san kunyar ɗan fari, mun san uban da ba ya kiran sunan ɗansa, shi ya sa wurin ya taɓa mu sosai, ko da yake na Call daban ne: namu alkunya ce da kowa ya san ƙauna ce a ƙarƙashinta, nasa kuwa nauyin laifin da ya yi wa uwar yaron ne, matar da ya bari ta mutu ba tare da ya tsaya mata ba. Awa shida aka yi ana tara mana wannan bashi. A ci gaban na 1993 aka zo aka biya shi, Call ya amsa cewa Newt ɗansa ne. To amma wa ya biya? Ba mutumin da ya ci bashin ba. Bakin da ya yi rawa ya kasa magana a Montana ba shi ne ya buɗe ba. Kalmar da miliyoyin mutane suka jira shekara huɗu su ji ta fito daga bakin baƙo, ta wuce kamar iska. Wannan asara ce da ba a iya mayarwa, domin irin wannan kalma sau ɗaya ake faɗinta a labari.

Koke na biyu: an canza rabi an bar rabi. Rick Schroder ya dawo a Newt. Chris Cooper ya dawo a July Johnson. Timothy Scott ya dawo a Pea Eye, tsohon mabiyin Kyaftin, haka Barry Tubb da William Sanderson a matsayinsu na da. Wataƙila masu shiryawa sun ɗauka tsofaffin fuskokin za su rufa wa sababbin asiri. Akasin haka ya faru. Kowace tsohuwar fuska ta zama shaida a kan sabuwa. Duk sanda Pea Eye ya buɗe baki ya ce "Kyaftin", mai kallo ya san wa wannan muryar ta saba kira, sai ya waiga ya ga wani. Da an canza kowa da kowa, da zuciya ta haƙura ta ce sabon shiri ne, ta fara sabo daga farko. Da aka gauraya, sai aka hana ta mantuwa kuma aka hana ta yarda.

Wannan ya fi fitowa fili a kan Clara, tsohuwar masoyiyar Gus. Anjelica Huston, wadda ta fito a ita, ba ta daɗe a fim ɗin farko ba, amma ita ce mutum ɗaya tak da ta tsaya a gaban Call ta faɗa masa gaskiya ba ta sassauta ba. Lokacin da ya biyo ta gidanta a Nebraska da akwatin gawa a bayan keken doki, ta wanke shi tas: ya bar ɗansa mai rai yana yi wa matacce hidima, kuma shi da Gus ba abin da suka yi sai cutar juna da cutar matan da suka so su. Tsawonta, da kaifin idonta, da yadda take tsayawa a gaban dawakinta kamar ita ce maigidan, su suka ba wa maganar nauyi. A 1993 Barbara Hershey ta karɓi matsayin. Ita ma gwana ce, sau biyu a jere ta ci kyautar jaruma a bikin Cannes, a 1987 da 1988. Amma yanzu sai ga sabuwar Clara tana fuskantar sabon Call, mutum biyu da ba su taɓa yin wancan faɗan ba, ana so mu yarda akwai tsohuwar gaba a tsakaninsu. Gabar ba ta zo ba, domin tana jikin waɗancan biyun. Da labarin ya kai ga ta yi jinyarsa, har ta kwashi dawakinta ta nufi Montana, sai abin ya zo da sauƙin da bai kamata ba. Clarar da muka sani da sai an sha wuya kafin ta sauko, kuma wuyar ita ce abin kallon.

Akwai wani canjin da ba a kira shi canji ba, kuma a ganina ya fi na fili ɓarna. Gus ya mutu a Miles City, Deets, baƙar fatan da ke duba musu hanya, ya mutu da mashi a ƙirji, Blue Duck, mugun labarin, ya faɗo daga bene ya mutu. Ba yadda za a yi a dawo da su. Sai aka ƙirƙiro masu zama a kujerunsu. Aka kawo Gideon Walker, tsohon dakare mai fara'a da son mata, William Petersen ya fito a shi. Aka kawo Isom Pickett, baƙar fata masanin dawaki mai amana, aka ba Louis Gossett Jr. Aka kawo Cherokee Jack, mugun da ke yawo a daji, aka ba Dennis Haysbert. Aka samo wa Gus 'ya daga Meziko. Maimakon garken shanu aka koro dawakan daji, hanya dai ita ce, daga Teksas zuwa Montana. Kowane daga cikin 'yan wasan nan ya yi aikinsa, Gossett musamman yana da kwarjini. Amma mai kallo ba yaro ba ne. Ya gane an auna gurbin Gus an yanko wani daidai faɗinsa, an auna na Deets, wanda Danny Glover ya fito a shi, an yi haka. Abin da wannan yake gaya masa shi ne waɗanda ya yi wa kuka ba su da wuyar mayewa. Alhali duk ƙarfin fim ɗin farko yana kan cewa wanda ya tafi ya tafi. Allon da Call ya sassaƙa da hannunsa a kan kabarin Deets, wanda aka ɗauko daga abin da Charles Goodnight, wani shahararren makiyayi na Teksas, ya rubuta wa abokin tafiyarsa Bose Ikard a zahiri, ma'anarsa ke nan: babu wani kamarsa. Bai dace bayan shekara huɗu a ce mana ga wani kamarsa ba.

Koke na gaba ya shafi gaskiya tsakaninku da mai kallo. Larry McMurtry ba shi ya rubuta Return to Lonesome Dove ba. A shekarar 1993 ɗin nan dai ya fitar da nasa ci gaban, Streets of Laredo, inda Newt ya riga ya mutu, goɗiyar da uban ya ba shi ce ta yi ajalinsa, kiwon Montana kuma ya rushe. A 1995 CBS ta mayar da wannan littafin fim. Ke nan tasha ɗaya, cikin shekara biyu, ta nuna mana Newt ya rayu ya samu sunan ubansa, sannan ta nuna mana ya mutu bai samu ba. A tsakanin nan kuma ga wani shiri mai dogon zango da aka fara a 1994, inda Scott Bairstow ya zama Newt. A majalisarmu an yi musu har da ɗaga murya kan wanne ne na gaskiya, malamin makarantarmu yana cewa na marubucin, direbanmu yana cewa wanda ya fara gani. Wanda ya sayi faifan a kasuwa ba abin da zai gaya masa cewa hanyoyi biyu ne da ba sa haɗuwa. Suna ɗaya ne a jikin kwali.

Adalci ya sa in ce fim ɗin 1995 ya fi zama a zuciya, kuma dalilin yana da amfani a gare ku. James Garner ne ya fito a Call, yana da shekara 67. Labarin ya tsallake shekaru masu yawa, Call ya tsufa, ido ya rage, hannu ya yi sanyi, kamfanin jirgin ƙasa ya ɗauke shi haya ya kamo wani yaro ɗan fashi. Kuma ba a bar tsofaffin fuskoki a manyan gurabe suna ƙaryata sababbi ba. Tazarar lokaci ta ba mai kallo uzurin da zai ba kansa: shekaru suna canza mutum. Garner bai tsaya kwaikwayon Jones ba, ya yi tsohon da ƙarfinsa yake gudunsa, kuma wannan ya karɓe shi.

Duk da haka ko a nan canjin ya taɓa ma'ana. Timothy Scott ya rasu a 1995, wannan hukuncin Allah ne, ba mai ja. Amma Pea Eye ɗinsa dogo ne siriri, mai saurin ruɗewa, wanda ba ya iya yanke shawara sai Kyaftin ya yanke masa. Abin mamakin littafin shi ne Lorena, wadda maza suka yi ta rububi a kanta, wadda ta ga azabar da ta gani a hannun Blue Duck, ta zaɓi wannan bawan Allah ta aura, ta zama malamar makaranta, domin ta gaji da masu kwarjini tana neman mai kirki. Sai aka ba Sam Shepard matsayin, kyakkyawan mutum mai nutsuwa da idon masu tunani, marubucin da shi kansa ya ci Pulitzer. Wace mace ce za ta auri wannan a yi mamaki? Sissy Spacek, wadda ta karɓi Lorena daga Diane Lane, ta yi wasa mai ratsa jiki, amma zaɓin da halin nata ya ginu a kai an riga an sauƙaƙa shi tun a wurin rabon matsayi.

Na baya-bayan ba zan daɗe a kansu ba. Dead Man's Walk a 1996 ya ba mu David Arquette da Jonny Lee Miller a samartakar Gus da Call. Comanche Moon a 2008 ya ba mu Steve Zahn da Karl Urban. Labarin ƙuruciya dole sai da matasa, ba mu da ja a nan. Amma ku lissafa: Call ya sa fuska biyar a finafinai biyar. Clara ta sa huɗu, in aka haɗa da Jennifer Garner da Linda Cardellini. Zahn ya kwaikwayi hannun Duvall da dariyarsa har abin ya ba da sha'awa, Arquette kuwa kamar wani mutum daban. Wanda ya jera su bisa tsarin shekarun labarin ba zai ga mutum ɗaya yana girma yana tsufa ba. Zai ga mutane daban-daban suna karɓar suna ɗaya.

Na san abin da za a ce mana. Za a ce sabo ne kawai, sabo kuma turken wawa. Za a ce ɗan wasa ba saniya ba ne da za a ɗaure a turke. A 1993 Jones yana cikin The Fugitive, fim ɗin da ya ba shi Oscar, kuma kowa yana da ikon bin inda arzikinsa yake. Za a ce matsayi ba a haife shi da fuska ba, tun da McMurtry ya fara tsara labarin nan ne a farkon shekarun 1970 don John Wayne da James Stewart da Henry Fonda, kuma Duvall kansa Call aka fara ba shi ya ce Gus yake so. Duk gaskiya ne. Kafin a kunna kyamara kuna da 'yancin ba kowa kowane matsayi. Amma daga ranar da mai kallo ya zauna dare huɗu ya ba wata fuska hawayensa, an ƙulla alkawari, alkawari kuwa kaya ne. Labarin da kuka saya kansa a kan wannan ya tsaya: mutum ya ɗauki gawar abokinsa daga Montana har Teksas don ya ce zai yi, kamar yadda Goodnight ya mayar da gawar abokinsa Oliver Loving gida bayan rasuwarsa a 1867. Mu a nan ma mun ɗanɗana irin wannan. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, an daɗe ana maganar a gidaje da shaguna, ba don sabuwar ba ta iya ba, sai don mutane sun riga sun ba wa wata fuskar amanarsu.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

In za ku sake yin Lonesome Dove, ku sake shi gaba ɗaya, da sababbin mutane tun daga Gus har mai dafa abinci. Kada ku ce ci gaban na 1989 ne, kada ku ɗauko wani daga tsofaffin ku dasa a tsakiya don jan hankalinmu. Ku bar wancan a inda yake, ku bar sababbin 'yan wasanku su nemi Call da Gus a cikin littafin, ba a fuskar Jones da Duvall ba. Duk wanda kuka ɗauka, ku hana shi kwaikwayo.

Littattafan huɗu ne, kuma an ce duka kuka saya. To tun ran gini tun ran zane. Kafin ku ɗauki fitowa ta farko, ku yanke shawarar iya inda za ku kai, ku ƙulla yarjejeniya da manyan jarumanku har zuwa can. In za ku bi rayuwar mutanen nan daga samartaka zuwa tsufa, ku tsara tun yanzu a ina matasa za su miƙa wa manya, ku sa miƙawar ta faɗo a inda labarin ya tsallake shekaru, sau ɗaya, kowa da kowa a lokaci guda. Ku zaɓi matasan da manyan tare, a ɗaki ɗaya, ku ga tafiyarsu da muryarsu sun yi jini ɗaya.

In kuma ƙaddara ta gifta, jarumi ya rasu ko ya ƙi dawowa, muna roƙon ku jira, ko ku karkata labarin zuwa wasu mutanen, ko ku tsaya. Ƙasar da McMurtry ya zana tana da faɗi. Akwai Clara da 'ya'yanta a Nebraska, akwai Dish Boggett, ɗaya daga cikin masu koron garken, akwai rayuwar Deets kafin ya haɗu da su, akwai mutanen Komanci, 'yan asalin ƙasar, da aka fi nuna mana daga nesa. Af, tun da na ambace su: a 1989 Bature ne, Frederic Forrest, ya fito a Blue Duck, wanda jinin Komanci ne, sai a 2008 aka ba Adam Beach. Wannan gyara ne mai kyau, ku riƙe shi, ku ba 'yan asalin ƙasar matsayin kakanninsu tun daga farko don kada ku zo kuna canzawa daga baya.

Ku zaɓi hanya ɗaya game da Newt ku tsaya a kanta. Mu a majalisarmu mun fi karkata ga ta marubucin, duk da ɗacinta. In kuka ga za ku kauce mata, ku faɗa a fili a farkon fim da jikin tallarsa cewa wannan ba daga littafin McMurtry ba ne.

Kada ku tausasa Call don sabon jarumi ya samu abin faɗa. In wanda kuka ɗauka ba zai iya riƙe fitowa da shiru ba, ba shi ne mutuminku ba. Ku gwada shi a kan doki kafin ku gwada shi da takarda, ku ba shi watanni a cikin masu kiwo na gaske. Kamfaninku yana harkar wasannin dawaki da shanu, kun fi kowa sanin bambancin mahayi da wanda aka ɗora.

Na ƙarshe, in kuna da ta cewa a kan yadda za a rarraba sabon aikin, ku tuna da masu kallo irinmu a Afirka. Ku sa a same shi ta halastacciyar hanya a ƙasashenmu, da rubutun fassara mai kyau. Yaran majalisarmu, waɗanda suka taso da waya a hannu, ba su san Gus da Call ba tukuna. Wanda kuka ba su shi za su riƙe a matsayin Kyaftin, kamar yadda Baffana ya riƙe nasa har ya koma ga Allah. Muna roƙon wanda suka gani a daren farko ya zama shi za su gani a daren ƙarshe.

Allah ya yi muku jagora a kan wannan aiki, ya jiƙan namu da suka rigaye mu.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai kallo daga Kano, a madadin 'yan majalisarmu